Yadda Maharazu Ya Kayar da Kasuwar Gazawa

A shekarar da aka buɗe wa mutane baki, bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai, babu gindin itacen da bai zama majalisa ba a Gazawa. Mai facin taya yana da ra'ayi a kan tsarin mulki, mai shayi yana da nasa, ko mai jaki ka tsayar sai ya gaya maka yadda za a gyara ƙasa. Amma duk cikin masu bakin nan babu kamar Maharazu mai aya. Shi tun kafin a ba da izinin magana yake yi, dimokuraɗiyya a hanya ta iske shi.

Gajere ne mai faɗin ƙirji. Yana da gonar aya da ya gada, da bajimin sa guda, da amalanke, da matarsa Suwaiba, wadda Allah ya haɗa wa haƙuri da kaifin harshe. Asirinsa a rufe yake daidai gwargwado. Abin da ke cin ransa kawai shi ne yana ganin don babban abu aka halicce shi, garin ne ya yi masa kaɗan, kamar rigar yaro a jikin ƙato.

Abokin zamansa, kuma abokin faɗansa, shi ne Dogo, taubashinsa, ɗan Gwaggo Cima. Dogo yana da rumfa a kasuwa, kuma babu wanda zai iya cewa ga sana'arsa. Gero kaɗan, wake kaɗan, gishiri, kanwa, igiya, harawa, wani lokaci akuya ɗaya a ɗaure jikin dirka. In wannan ya faɗi, wancan ya tashi. Maharazu yana kiran abin kasuwancin kaza, a tona nan a tona can, ba a taɓa ƙoshi ba.

Wata rana da hantsi suna zaune wurin mai shayi, sai ga Mushe Ilyasu, malamin lakol, wato makarantar boko, da wata tsohuwar mujallar Faransanci a hammata. Malamai suna yajin aiki a lokacin, shi ya sa yake da lokacin karanta abin da bai shafe shi ba. Ya buɗe wani shafi ya nuna musu zane mai layi biyu. Baƙin layin yana tafiya a hankali kamar hawainiya, jan kuwa ya kama sama kamar ƙadangaren da aka kora a garu. Ya ce jan nan wani kamfani ne a ƙasar Turawa da ke ƙera kayan wasan yara, baƙin kuma kasuwar ƙasar ce baki ɗaya. Wanda ya sa hannun jari a kamfanin shekara ashirin da suka wuce, ya fi wanda ya barbaza dukiyarsa a kan kowace sana'a samun riba nesa ba kusa ba.

Mai shayi ya tambaya mene ne hannun jari. Mushe ya ce kamar watanda ne, a haɗu a sayi sa, kowa da kasonsa, sai dai ba a yankawa, ana barinsa ya yi ta ƙiba. Ya ƙara da cewa a duba da kyau, jan layin ya sha faɗuwa ƙasa a wasu shekaru, kuma kamfanonin da suka mutu a hanya sun fi a ƙirga, ba wanda ke zana su a mujalla. Amma wannan bayani bai iske Maharazu a gida ba. Tun daga "riba nesa ba kusa ba" kunnensa ya rufe.

Ya aje kofin shayi, ya dubi Dogo ya ce, "Taubashi, ka ga hotonka? Baƙin layin nan kai ne. Jan kuwa ni ne, ban dai fara ba."

Dogo ya ce ai bai san ana ƙera aya a kamfani ba.

"Aya ta ƙare. Kamfanin kayan wasan yara zan kafa a garin nan. Su Turawa shekara ashirin suka yi don ba su da zafin nama. Ni kafin ruwan farko ya sauka sai na kayar da kasuwar Gazawa baki ɗaya, ƙafa sama."

"Kai da ko 'yarka Sumaiya ba ka taɓa saya wa 'yartsana ba? Da ɓawon masara take goyo."

Maharazu ya ce wannan shi ne hujjar. Gari guda cike da yara, ba mai sayar musu da komai, kuma yara ba sa ƙarewa, kullum ƙaruwa suke. Gero yana jiran damina, su kuwa ko fari ake yi sai an yi suna. Majalisa ta yi dariya, shi kuma ya ɗauki dariyar a matsayin goyon baya.

Kwana uku bai zauna ba. Ya fitar da ayarsa duka ya sayar a lokacin da take araha, duk da Dogo ya ce ya jira wata biyu ta yi daraja. Sannan ya bi gida gida yana neman masu hannun jari. Mai shayi ya ba da buhun sukari. Mai faci ya ba da tsohon keke. Gwaggo Cima, da ta ji kalmar watanda, ta kama kaji biyu da zakara ta miƙa, ta ce a ware mata wajen hanta. Mushe ba shi da albashi, sai ya rubuta allon kamfani da fenti, aka ce wannan ne jarinsa. Dogo ya jefa igiya ɗaya, ya ce ta ɗaure kaya ce, in kuma abu ya ƙi a ɗaure shugaba. Da aka ƙirga kai, mutum takwas aka samu.

Wadda ta fi ba shi wuya ita ce Suwaiba, don akuyarta yake so, ja mai ciki. Ya zauna bakin murhu ya yi mata wa'azin layi biyu, har yana zanawa a toka da tsinke. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baban Sumaiya, ɗauke ta. Amma in ta tafi ba ta dawo ba, kai za ka riƙa yi mini kuka da safe a madadinta, don na saba." Ya ce kafin damina garke zai cika mata gida har ta rasa wurin shanya.

Ya mai da komai kuɗi, ya sa babbar riga, ya tsallaka iyaka zuwa Katsina. A can ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa da ya shekara yana neman wanda zai raba shi da kwantai. Cikin awa ɗaya aka ɗaure masa buhu huɗu, na 'yartsanar roba, na usur, na balan-balan, da na bindigogin wasa masu feshin ruwa, aka ɗora masa motocin wasa goma masu wani a baya, waɗanda ake murɗawa su yi gudu, a matsayin gyara. Maharazu ya fito yana tausayin mutumin, yana ganin ya cuce shi.

Da ya yi shiru a mota da ya isa gida lafiya. Amma tun daga tasha ya fara. Ya gaya wa fasinjoji cewa abin da ke cikin buhunan nan, in ya kwance shi, Gazawa ba za ta sake zama yadda take ba. Wata tsohuwa ta tambaya ko magani ne. Ya rage murya ya ce ta dai jira, kafin zaɓe kowa zai ji ƙararsa. Lokacin kuwa zaɓe saura makonni, kowa a tsorace yake. Da suka isa shingen jandarma, wani fasinja ya sauka kamar zai yi fitsari, ya raɗa wa mai tsaro magana. Aka sauko da buhu na farko, aka kwance, sai ga bakin bindigogi baƙaƙe sun leƙo.

Shugaban jandarmomin mutum ne mai natsuwa, ya ga alamar roba ce, yana shirin dubawa. Maharazu kuwa ya ga dama ce ta talla. Ya zura hannu a aljihu ya zaro wadda ya cika da ruwa a tasha don gwaji, ya ɗaga ta yana cewa bari ya nuna musu yadda take aiki. Fasinjoji goma sha ɗaya suka zube ƙasa a lokaci guda, tsohuwar nan tana salati. Shi kuma yatsansa ya riga ya danna. Ruwa ya tafi siriri, ya sauka tsakanin idon shugaban da hularsa.

Mutumin ya share fuska a hankali. Bai zage shi ba, bai taɓa shi ba. Ya dai ce bindigogi za su zauna a buro, wato ofishinsu, har bayan zaɓe, mai su kuma ya zauna a benci ya yi tunani. Maharazu ya yi awa uku yana tunani. Motar ma ta yi awa uku a tsakar rana, ga zafin bazara ya fara kankama, ga buhun 'yartsana a saman ƙarfe, an danne shi da buhunan siminti.

Kafin ya iso gari labarin bindigogi ya riga shi, har ya yi ƙiba a hanya. Shi kuwa ya ce wa masu hannun jari hukuma ce ta ga ingancin kayan ta nemi a bar mata samfur. Ya tara su a ƙofar gida, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya kwance buhun 'yartsana da hannunsa. Ta farko da ya zaro idonta ɗaya ya gangaro kumatu. Ta biyu kanta ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Ta uku ba ɗaya ba ce, uku ne suka manne, ƙafa shida, kai biyu, na ukun ya shige cikin ciki. Gwaggo Cima ta ja da baya tana neman tsari, sannan ta tambaya ina naman.

Maharazu bai girgiza ba. Ya ɗaga masu mannen ya ce sabon yayi ne, tagwaye ake kiransu, a Katsina sai mai hanya ke samu. Dogo ya ce lalle sai mai hanya, hanyar dawa da tsakar rana.

Ranar kasuwa ya kafa tebur kusa da rumfar Dogo, ya jingina allon Mushe. Wata mata daga ƙauye ta sayi 'yartsana ɗaya don arha, kafin azahar ta dawo da ita a kan tsinken kara, ta ce ɗiyarta tun da ta gan ta take ƙyara ido tana kuka, a ba ta abinta ko ta kira mijinta. Motoci masu wani ne suka tara jama'a. Yara suka yi da'ira, Maharazu yana murɗawa yana saki, motar tana gudu tana karo da ƙafar tebur. Sun kalla daga hantsi har la'asar, sun leƙa ƙasa, sun leƙa ciki, ba wanda ya sayi ko ɗaya. Ya gaya wa Dogo haka babban ciniki yake, sai ido ya ƙoshi hannu ke shiga aljihu.

Kasuwa ta zagayo, sai ga yaran nan sun dawo, kowa yana jan motarsa ta kara da gwangwani, fasalin tasa sak, har da ƙofa mai buɗewa, wadda tasa ba ta da ita. Wani uba ya tsaya ya dubi ta roba, ya dubi ta kara, ya ce wa Maharazu in ta ɗansa ta karye gona cike take da kayan gyara, tasa fa? Maharazu ya ce wannan tambayar ta mutumin da bai taɓa fita waje ba ce.

Da ya ga ciniki ya ƙi, sai ya ce laifin rashin talla ne. Ya kwance buhun usur ya raba wa yaran gari kyauta, ya ce ɗanɗano ne, wanda ya ji daɗi zai dawo da kuɗi. Usur ɗari biyu suka shiga Gazawa a yini ɗaya. Daga wannan lungu fiit, daga wancan fiit. Direbobin taksi, da suka saba jin usur daga bakin jandarma kaɗai, suka riƙa taka birki a kowace kwana suna laluben takardu. Wani da ya taso daga Agye ya tsaya sau bakwai tsakanin bakin gari da tasha, a na bakwan mai tiren ƙwai da ke gidan gaba ta rungumi jarinta a ƙirji, duk ya farfashe. Sarkin tasha ya zo da kansa har ƙofar gida, ya ce in ya sake jin usur ɗaya, Maharazu zai haɗiye sauran. Liman bai zo ba, amma ya yi huɗuba a kan masu raba wa yara fitina, kuma duk sahun gaba sai da suka waiwayo.

Iyaye mata ne suka magance abin. Kowace ta ƙwace na ɗanta, in ta zo wucewa ta wurga shi ta saman katangar Maharazu. Yini guda ana ruwan usur a tsakar gida. Da magariba ta gabato ya shigo cin tuwo, ya kai loma ta biyu, haƙorinsa ya ci karo da roba. Ya zaro, ya duba, ya dubi Suwaiba.

Ta ce, "Ribar kamfani ce ta fara shigowa, Baban Sumaiya. Uku na tsame daga miya, wannan ne ya ɓuya."

Ya ce mata duk babban ɗan kasuwa sai ya sha irin wannan, jan layin ma Mushe ya ce yakan sunkuya. Ta ce ita dai ba ta yi lakol ba, amma ta san bambancin mai ruku'u da wanda ya faɗi.

Saura buhu ɗaya, na balan-balan, rabi ja rabi shuɗi. Nan ne Maharazu ya ga Allah ya buɗe masa ƙofa. Jam'iyyu biyu ne suka fi ƙarfi a unguwarsu, mai alamar tulu da mai alamar tsani, kuma dukansu sun sa mitin ranar kasuwa mai zuwa, ɗaya a gabas da kasuwa, ɗaya a yamma. Ya je wurin 'yan tulu ya rantse musu shi nasu ne tun kaka da kakanni, zai ƙawata musu fili da ja. Ya zagaya ta bayan gari ya je wurin 'yan tsani ya ce jininsa ma shuɗi ne. Kowane ɓangare ya ce ya kawo, in abin ya yi kyau za a sallame shi. Mushe ya ba shi shawara ya kai wa kowa nasa dabam, a rufe. Maharazu ya ce wannan tunanin mai albashi ne. Ɗan kasuwa ba ya sawu biyu inda ɗaya zai isa, kuma so yake kasuwa duka ta ga kamfani da idonta.

Da sassafe ranar ya ari famfon mai faci. Famfon ya yi ashirin ya mutu, sauran da baki ya hura su, har kumatunsa suka yi tsami, idanunsa suka yi ja, yana tashi yana dafa bango. Ya ɗaure jajaye a hannun dama na amalanke, shuɗaye a hagu, ya kafa allon kamfani a tsakiya. Da ya ga saura shida ba wuri, sai ya ɗaura wa bajimin, uku a kowane ƙaho. San ya juya ido yana kallonsu. Suwaiba ta ce ita a ganinta dabbar nan ba ta shiga jam'iyya ba, a bar ta. Ya ce mata ta zo kasuwa ta ga yadda ake shiga tarihi.

Rana ta take tsaka ya shigo ta ƙofar kasuwa, tsaye a kan amalanke, babbar riga tana kaɗawa, ya naɗe kwali ya yi bututu yana shela da Hausa yana ɗiga Faransancin da bai wuce kalma huɗu ba. Kasuwa ta cika maƙil, ga mutanen ƙauyuka, ga 'yan mitin ta gabas da yamma da kalangunsu. Gaskiya abin ya yi kyau, ba a taɓa ganin irinsa ba. Mutane suka buɗe masa hanya, mata suna guɗa, Maharazu ya ji kamar ƙafarsa ba ta taɓa katako. 'Yan tulu suka hango shuɗi a amalanken mutuminsu, 'yan tsani suka hango ja, kowane ɓangare ya taso ya ji dalili. Shi kuwa ya ɗauka tarba ce, ya ɗaga musu hannu biyu.

Daidai nan zafin rana ya gama aikinsa a kan balan ɗin da ke ƙahon dama. Ta fashe a kunnen bajimin.

Bajimin da bai taɓa gudu ba ko a gona, ya yi tsalle ɗaya da ƙafa huɗu. Tsallen ya sa ta biyu ta fashe, ta uku ta bi. Ya zabura. Duk taku sai amalanke ta gogi dirka ko kara, duk guga sai goma su fashe a baya, duk fashewa sai ya ƙara mai. Wani daga cikin taron ya tuna labarin shingen jandarma, ya ce ai ga bindigogin Maharazu nan, ashe na gaske ne. Wannan magana ta fi san gudu. 'Yan tulu da 'yan tsani, waɗanda wata uku ba su gaisa ba, suka haɗa hanya ɗaya, har shugaban matasan wannan yana jan na wancan su tsallake katanga.

San ya bi ta layin masu tumatir ya mai da shi miya. Ya ratsa masu tukwane. Ya ɗauki rumfar mai kaji a ƙaho ya yi gaba da ita, kaji suna tashi ta ko'ina. Awaki suka tsinke, jakai suka bi. Maharazu ya saki bututun, ya kwanta rub da ciki ya rungumi allon kamfani, yana kiran san da sunaye masu daɗi, yana yi masa alkawarin dusa. Rumfa tara suka kwanta kafin balan ta ƙarshe ta yi shiru.

Da ƙarar ta ɗauke, bajimin ya ga damin harawa a gaban rumfar Dogo, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Amalanke ta tsaya. Maharazu ne bai tsaya ba. Ya wuce ta saman san, ya sauka da ka cikin buhun kanwa, ƙafafu a sama, babbar riga ta rufto ta rufe shi.

Dogo, wanda bai motsa daga kan tabarmarsa ba, ya bari ƙura ta lafa, sannan ya kama ƙafa ɗaya ya jawo shi. Ya dube shi fari fat, ya duba kasuwa, ya ce, "Taubashi, ban taɓa ganin mai cika alkawari irinka ba. Ka ce kafin ruwan farko, ga shi ko hadari bai haɗu ba."

Maharazu ya tofar da kanwa ya tambaya ko an samu wanda ya ji ciwo. Aka duba, babu, sai mai tukwane da ya gurɗe a wajen gudu. Ya yi hamdala, kuma karon farko a rayuwarsa bai ƙara komai a kai ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kafin la'asar kasuwa ta miƙe kamar ba a yi ba. Aka tsince tumatirin da ya tsira, aka kamo kaji, ciniki ya ci gaba. Kuma duk mai ɗaure rumfa ko mai neman akuyarsa igiya yake bukata, igiya kuwa wurin Dogo take. Harawa dami ɗaya ya rasa, amma igiya, ko ta ɗaurin wando bai koma gida da ita ba. Sarkin kasuwa ya yanke hukunci a tsaye, gaban kowa. Maharazu zai tayar da rumfunan nan tara da hannunsa, kuma amalankensa za ta yi wa masu tumatir da masu tukwane dako kyauta har damina.

Washegari da hantsi masu hannun jari suka taru a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, ba tare da ya kira su ba. Mushe Ilyasu ya ce tunda zamani ya canza, kamfani ma yana da tsari, masu kaso suna da ikon zaɓen wanda zai riƙe musu abin da ya rage, wato sa da amalanke da allo. Maharazu ya ce wannan juyin mulki ne. Mushe ya ce a'a, juyin mulki ba a sanar da mutum, wannan zaɓe ne. Gwaggo Cima, wadda sai yanzu ta gane ba za a yi rabon nama ba, ta ce ita ta tsayar da Suwaiba. Suwaiba ta fito da zani a kafaɗa, hannunta da garin tuwo, ta ce ba ta nema ba, amma ba ta ƙi ba.

Aka ba kowa damar magana. Maharazu ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce kamfani yana cikin shekarun sunkuyawa ne, ya ce sunansa ya kai har Maraɗi, kuma suna shi ne rabin ciniki, ya ce in aka ba shi wa'adi na biyu zai shigo da jirgin sama na roba. Da aka zo kan Suwaiba, ta ce sa zai yi dako, abin da ya samo za a fara mai da wa Gwaggo kajinta, sannan kowa ya biyo, akuyarta ce ƙarshe. Ta koma ta tsaya.

Ba su da akwati, sai Mushe ya ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Maharazu ya gyara hula, ya juya baya, ya tsaya yana kallon gabas don kada a ce ya tsorata kowa da ido. Ya ji takun ƙafafu, ya ji an yi shiru. Ya jira kaɗan, sannan ya waiwaya. Bayansa babu kowa sai inuwarsa, ita ma ta gajarta. Can gefe ga layi a bayan Suwaiba, Gwaggo a gaba, Dogo a ƙarshe yana kallon sama kamar mai neman wata.

Maharazu ya dubi layin, ya dubi matarsa. Ya tuna rumfa tara, ya tuna mai tiren ƙwai, ya tuna kuma daga wane hannu tuwon yau zai fito. Ya yi gyaran murya, ya taka a hankali ya je ya tsaya bayan Dogo.

Mushe ya ce ai ɗan takara ba ya bin layin abokin hamayya. Maharazu ya ce shi ma yana da kaso a kamfanin nan, kuma ba zai zuba ido a sake damƙa dukiyarsa a hannun wancan mutumin ba.

Gwaggo Cima ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Suwaiba ba ta yi ba, ta dai shiga gida ta fito da gatari da dirkoki biyu ta ɗora masa a kafaɗa, ta ce mai tumatir yana jira tun safe. Ya kama hanyar kasuwa yana tangaɗi da kaya. Bai kai kwanar masallaci ba ya ci karo da sarkin tasha, ya tsayar da shi, ya sauke dirka ɗaya don ya samu hannun nuni, ya shiga ba shi labari cewa in ana neman wanda zai koya wa ƙasar nan zaɓe mai tsabta a zo wurinsa, don yanzun nan ya fito daga wanda ko ɗan takarar da ya faɗi bai zaɓi kansa ba.